Wannan yayyafin bazara ce ke sallama, damina na da saura

Kwana biyun nan duk guruf ɗin da ka leƙa a WhatsApp sai ka tarar an turo hoton hasashen yanayi, ɗan gajimare ne da ɗigo uku a ƙarƙashinsa, wai akwai yiwuwar yayyafi cikin makon nan, jama'a kuwa sai barka ake yi wa juna ana cewa bana damina da wuri za ta sauka, wani ma har cewa ya yi bari ya buga waya gida a fara fiddo iri. Ko Fabrairu ba mu gama ba fa. Ni da na buɗe hoton ban wani tsaya kan ɗigon nan ba, lambobin zafi da ke gefe na bi da ido, waɗanda ba wanda ya tanka musu: na rana 33, 34, 36, 37, na dare kuma ya taso daga 15 ya bi ta 17, 19, har 21. Kullum sai an ɗora. To wannan hawan shi ne ainihin saƙon, ruwan ɗan rakiya ne kawai, kuma in ka bi diddigin yadda abin yake za ka ga ashe su biyun uwarsu ɗaya.

Ko ba waya ma jiki ya riga ya sani. Ruwan randa da asuba ya daina cizon hannu, manjan da ya daskare a galan tun Disamba ya fara sakin jiki, yara sun rage rigima in an ce su zo wanka, mai shayin bakin layinmu da a da sai rana ta take yake tashi saboda ciniki yanzu tara da rabi ya fara kife kofuna. Bargo kuma ka shiga cikinsa ƙarfe goma, ƙarfe biyu ka farka ka ganshi a ƙasa ba ka ma san sanda ka harba shi ba.

Bari mu fara daga iska don duk rigimar a nan take. Mu nan yammacin Afirka iska biyu ce ke karɓa-karɓa da mu. Ɗaya tana tasowa daga Sahara ta arewa maso gabas, a bushe take ƙamas, ita ce hunturu, ita ke fasa leɓe da dunduniya ta sa yara haɓo, da rana laimar da ke cikinta kan sauka ƙasa da kashi 15 cikin 100. Ɗayar kuma daga tekun Atlantika take hawowa ta kudu maso yamma, jiƙe sharkaf da laima, ita ce uwar damina. Inda suka yi karo akwai wata iyaka da ido ba ya gani, ta ratsa tun daga Senegal har Chadi da Sudan, masana yanayi ITD suke ce mata, ni dai iyaka zan ci gaba da cewa. Iyakar nan ba a zaune take ba, rana take bi amma a baya-baya, kamar ɗan akuya da uwarsa. A Janairu tana can ƙasa kusa da bakin teku wajen su Legas, shi ya sa har su ma suke ɗan ɗanɗana hazo su yi ta ƙorafi kamar duniya za ta tashi. Zuwa Agusta ta haura har ta wuce Agadas, wajen digiri 20 arewa da tsakiyar duniya. Kano tana kan digiri 12, Sakkwato 13, Maraɗi da Damagaram sun ɗan ɗara haka, Abuja 9, kowane digiri ɗaya kuma kimanin kilomita 111 ne, kenan a ƙarshen Fabrairu iyakar nan tana da sauran tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ta iso mu.

To ga wurin da ya fi ko'ina muhimmanci. Iskar teku ba ta shigowa a tsaye kamar bango, shigar bakin gatari take yi a ƙarƙashin busasshiyar, gabanta siriri bayanta kauri. A bakin nan kaurin laimar bai taka kara ya karya ba, a samanta kuwa busasshiyar iskar hamada ce zaune ta danne, duk gajimaren da ya yunƙura zai yi tsawo sai ta tsotse shi. Hadari na gaske sai can baya inda laimar ta yi kauri, kilomita 200, 300 ko fiye a kudu da iyakar. Saboda haka ranar da iyakar ta tsallake garinku gumi za ku samu, ruwa sai daga baya. Wannan tsakanin, daga isowar laima zuwa isowar hadari, shi ne muke ce wa bazara, lokacin nan da za ka yi wanka ka fito kana goge jiki wani gumin na tsattsafowa, faso ya warke ƙurajen zafi su karɓe shi. Shi ya sa na ce uwarsu ɗaya, laimar da za ta iya sako ɗan yayyafi ita ce dai za ta hana ka barci.

To in iyakar tana can nesa, daga ina yayyafin ƙarshen hunturu yake fitowa? Hanya biyu ce. Ta farko iyakar ba miƙaƙƙiyar tafiya take ba, taku uku gaba biyu baya take yi, in hunturu ya yi sanyin jiki na 'yan kwanaki sai iskar teku ta samu kafa ta leƙo arewa, musamman cikin dare zuwa safiya, daga baya a koro ta. A irin wannan leƙen ne su Lakwaja, Makurdi, Abuja, Minna da kudancin Kaduna kan samu ruwan farko a ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, Jos kuma tudunta ke taimakonta, tana sama da teku da wajen mita 1,200, iska in ta hau tudu dole ta huce ta haɗa gajimare. Sai a yi ruwa sau ɗaya a cika Facebook da hotuna, a kuma yi mako biyu ko uku ko ɗigo babu. Mutumin Katsina ko Gumel da ya ga hoton ruwan Abuja ya fara lissafin shuka, ya manta tsakaninsu akwai digiri uku zuwa huɗu, kuma damina tana ɗaukar watanni kafin ta cinye wannan tazarar, mu nan sai ƙarshen Mayu zuwa Yuni take zama da gindinta, can arewa da mu ma wani lokaci sai an shiga Yuli.

Hanya ta biyun ta fi ban mamaki don ba ta da alaƙa da damina ko kaɗan. A watannin nan can tekun Bahar Rum da arewacin Afirka su ne suke cikin lokacin ruwansu, to wani lokaci iskar sanyinsu ta can sama takan lanƙwaso kudu sosai har ta ratsa Sahara, ta jawo laima daga teku ta shimfiɗa wani dogon gajimare da a hoton tauraron ɗan'adam za ka ganshi kamar an ja rawani daga Atlantika zuwa Libiya. A ƙarƙashinsa sai gari ya yi lumshi, a yi ta tsattsafi ba tsawa ba walƙiya. Mutanen Senegal heug suke ce masa, a Mali da Burkina Faso kuma ruwan da ya faɗo kafin lokacinsa ruwan mangwaro ake kiransa saboda yana zuwa daidai sanda mangwaro ke 'ya'ya. Ba kullum yake zama wasa ba, a Janairun 2002 ya sauka da ƙarfi haɗe da sanyi a arewacin Senegal da kudancin Muritaniya, dabbobi dubbai suka mutu, an yi asarar rayukan mutane ma. Irin wannan ruwan ɗan hunturu ne na cikinsa, sau da yawa ma in ya wuce sanyi da ƙura ne ke biyo bayansa.

Abin da ya sa kuma yake tsayawa a yayyafi, ƙasan a bushe yake. Gindin gajimaren yana can sama kilomita 3 ko 4, ɗigon ya taho sai ya ratsa wannan busasshiyar iskar gaba ɗaya, mafi yawansa a hanya yake ƙonewa, in ka lura da yamma za ka ga wasu zare-zare sun sauko daga gajimare sun tsaya a sararin sama ba su taɓa ƙasa ba, to ruwa ne ake yi a can wanda rabonmu bai kai ba. Ɗan wanda ya tsira ya iso kuma ya kwaso ƙura a hanya, shi ya sa za ka fito da safe ka ga gilashin mota da faifan sola sun yi dabbare-dabbare da taɓo, ka rasa wanki aka yi musu ko ɓata su aka yi. Amma akwai abin da ya fi wannan. Ruwan da ya ƙone a hanya yana sanyaya iskar da ya ratsa, iska mai sanyi kuma nauyi gare ta, sai ta rufto ƙasa da ƙarfi ta watsu ko'ina, nan ne za ka ga gabas ta yi ja, leda da kwali na tashi, mata na gudun kwashe shanya, a ƙarshe a ce hadarin ya zama iska. Kwanon gidaje da rumfunan kasuwa da turakun wuta da ke faɗuwa a farkon shekara yawancinsu irin wannan hadarin ne ke kayar da su. Ni kam in na ga alamar yayyafi a wannan lokacin, ƙusar kwano nake fara tunawa kafin bokitin taren ruwa.

Sai maganar lambar nan ta kashi 30 ko 40 da ake rubutawa a ƙarƙashin gajimaren. Ma'anarta a sauƙaƙe, in aka samu rana 10 masu irin wannan yanayin, a cikin 3 ko 4 ne za a ga ruwa a wurin, sauran 6 ko 7 babu, kuma ko ɗan abin da bai kai milimita ɗaya ba in ya sauka an ƙirga shi. Kenan rashin ruwan ma ya fi yiwuwa, amma hoto ya fi lamba shiga ido. Sannan manhajar da ke cikin wayarka ba wani mutum ne ya leƙa samaniyar unguwarku ya rubuta ba, manyan kwamfutoci ne a Turai da Amurka suke yanka duniya gida-gida, kowane gida faɗinsa wajen kilomita 10 ko fiye, su yi lissafi, kuma tashoshin awon yanayi a nahiyarmu ba su da yawa balle lissafin ya samu abin dogaro sosai. Zafi abu ne mai faɗi, in ya zo jiha guda yake rufewa har da maƙwabta, shi ya sa hasashensa na kwana uku zuwa biyar bai cika kuskure ba. Hadari kuwa ɗan unguwa ne, ai mun sha gani a yi ruwa a Sabon Gari har kwata ta cika mutumin Kabuga yana shan ƙura. Saboda haka a cikin hoto ɗaya lambar zafi ta fi ɗigon nan gaskiya nesa ba kusa ba. Abin da ya wuce kwana 10 kuma ka ɗauke shi hira, tun shekarun 1960 wani masani Edward Lorenz ya nuna ɗan kuskure ƙanƙani a awon yau yana girma ya haɗiye lissafin gaba ɗaya, shi ya sa har gobe hasashen rana-rana bai cika wuce mako biyu da amfani ba.

Na san akwai mai cewa duk wannan shiga hurumin Allah ne. Ni dai ban ga bambancinsa da abin da tsofaffinmu suke yi ba, su ma alama suke karantawa su ce in Allah ya so. Su ne suka gaya mana in shamuwa ta dawo ta fara sheƙa damina ta kusa, in gawo ya fara zubar da ganye sauran itatuwa na tofo to a gyara garma, in iskar dare ta juya ta fara zuwa daga kudu ko yamma to an kusa. Malaman hisabi kuma suna da taurarinsu 28, kowanne kwana 13 in ban da ɗaya mai 14, ka haɗa ka samu 365 cif, kuma na ƙarshen ɗari su ne su Sa'adu ɗin nan da ake jerawa, daga su sai bazara. Ko a lissafinsu tsakanin ƙarshen ɗari da taurarin shuka akwai zango guda cur. Ba wanda ya taɓa tsallake bazara ya faɗa damina.

Yanzu zafin. Me ke ɗora shi kullum? Na farko rana ce ke miƙewa. A ƙarshen Disamba tana can kudu, da tsakar rana a Kano tsayinta wajen digiri 55 ne kawai daga ƙasa, a karkace take dukanmu, inuwarka doguwa ta kwanta arewa. Zuwa 20 ko 21 ga Maris ta hau kan tsakiyar duniya, zuwa wajen 22 ga Afrilu kuma tana tsaye cak a kan Kano, ka kafa sanda da azahar ka nemi inuwarta ka rasa. Na biyu ƙasa ta bushe, rabonta da ruwa tun Oktoba, da akwai danshi da ciyawa da wani kaso na zafin ya tafi wajen busar da su, yanzu kuwa babu, duk abin da rana ta sauke a kan ƙasa yake zama ya gasa iska. Na uku hazon nan da muke zagi ashe lema yake mana, in ya yi kauri yana tare hasken rana, da ya fara washewa sai ta same mu kai tsaye. Haka za a yi ta hawa daga wajen 30 na Janairu har a kai 38, 40 cikin Afrilu, su Sakkwato da Maiduguri da Nguru kuwa wuce 40 ba labari ba ne a wurinsu. Abin da ke karya shi gajimare ne da ruwan damina, shi ya sa mu zafinmu yake ƙurewa a Afrilu da Mayu alhali Turawa nasu sai Yuli. Su in sanyinsu ya ƙare furanni suke jira da iska mai daɗi, mu kuwa daga bargo sai tabarma a tsakar gida.

Amma lambar da na fi so mutane su riƙa dubawa ita ce ta dare. Sanyin asubar hunturu, wanda a Kano kan sauka wajen 13 a Janairu wani lokaci ƙasa da haka, bushewar iska ce ke kawo shi, zafin da ƙasa ta sha da rana yana tserewa sama da daddare ba abin da ya tare shi. Laima kuwa bargo ce, da ta shigo ko gajimare ya rufe sai zafin ya rasa hanyar fita. Don haka in ka ga lambar dare ta yi tsalle daga 15 zuwa 21 cikin 'yan kwanaki, ko ba a zana maka ɗigo ba ka san wani abu ya canza a sama. Kuma zafin dare shi ne mai kayar da mutum, don jiki da daddare yake hucewa ya biya bashin rana, in ɗaki ya kwana yana turiri, kwano a sama siminti a ƙasa ga ba wuta fanka ta tsaya, tsoho da jariri da mai hawan jini ko ciwon suga su ne suke fara jigata.

Kada kuma a yi saurin kai bargo ƙasan akwati, hunturu ba ya tafiya sau ɗaya. A arewacin Chadi akwai wani kwari da ake ce wa Bodele, kufan tsohon tafkin Chadi ne tun zamanin da yake kamar teku, ƙasarsa fara ce mai laushi kamar garin alabo, kuma ba wani wuri guda a duniya da ya kai shi fitar da ƙura. Yana zaune a bakin wata kafa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, in iska mai nauyi ta taru a kan Libiya bayan wucewar sanyin Bahar Rum sai ta matso ta wannan kafar da gudu kamar ka danne bakin tiyo, ta kwashi garin nan, kwana ɗaya zuwa biyu ka ga Maiduguri da Nguru da Kano sun yi fari fat, jirage sun kasa sauka, lambar zafi ta faɗo. A farkon Maris na 2004 an yi irin wannan mai girma da ta rufe kusan yammacin Afirka gaba ɗaya. To in ya faru za ka ji ana cewa ina masu hasashen zafi, ga sanyi ya dawo. Bai dawo da zama ba, kwana uku ne ko biyar, rana kuma ba ta fasa miƙewarta ba, da ƙurar ta kwanta za a ɗora daga inda aka tsaya har da ƙari.

A nan ya kamata a raba abu biyu da ake cakuɗawa. Hawan zafi daga Fabrairu zuwa Afrilu tsohon abu ne, kakanninmu sun sha shi, ba sauyin yanayi ne ya kawo shi ba, kuma yayyafi ɗaya a Fabrairu ba hujjar komai ba ce, ina jin haushin yadda komai aka gani sai a ce sauyin yanayi har kalmar ta fara zama kamar maganin a-sha-a-shafa. Abin da ya canza shi ne inda tsanin yake farawa da inda yake ƙarewa. Shekarar 2024 ita ce hukumar yanayi ta duniya ta ce ba a taɓa auna mai zafinta ba zuwa lokacin, kuma a ranar 3 ga Afrilun shekarar garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, ana tsakiyar azumi, asibitocin Bamako suka cika. Wanda ya yi azumin 2024 ɗin a Sakkwato ko Yamai ba sai an ba shi labari ba. Ƙara da abin da muka yi da hannunmu a birane, an sare darbejiya da maina an kafa shaguna, an toshe kududdufai an yi filoti, tsakar gida an malale da siminti, duk waɗannan suna shan zafi da rana su yi ta amayo shi har asuba.

Wanda ɗigon nan ya fi yi wa illa in ya yarda da shi manomi ne. Wata shekara cikin Afrilu aka yi wani ruwa a ƙauyenmu mai ɗan ƙarfi, ƙamshin ƙasa ya tashi kowa ya rikice, ɗan baffana da ya dawo daga birni da 'yan kuɗinsa ya riga ya sayi irin masara na leda mai tsada da buhunan taki, washegari tun da asuba ya tara yara za a fita. Baffa bai ce masa komai ba, fartanya ya ɗauka ya ja shi bayan gida ya sara sau biyu, danshin bai fi yatsa uku ba, ƙasansa gari ne fari tas, ya damƙo ya watsa a iska ya ce, ɗan nan wannan ruwan wanke ƙura ne, ka bar irinka a ɗaki. Shi kuma ya ce haba Baba, ai wanda ya riga shuka shi ke riga girbi. Aka shuka, ta tsiro gwanin sha'awa layi-layi, sannan sama ta ɗauke ɗif sama da mako uku, ga ranar Afrilu, ganyen ya nannaɗe kamar sigari ya ƙone. Cikin Yuni ya sake sayen iri, wannan karon da bashi. Baffa shi ma yakan yi binne, amma gero ne na rumbunsa kuma a wani yanki na gonar kawai, in ya kama riba in bai kama ba mudu nawa aka yi asara.

Abin da Baffa ya auna da fartanya masana sun sa masa lamba. Wani mai bincike M.V.K. Sivakumar da ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ya fitar da wani ma'auni a 1988 wanda har yanzu ake aiki da shi ko da ɗan gyara: ba a cewa damina ta sauka a yankinmu sai bayan 1 ga Mayu, a samu aƙalla milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma cikin kwana 30 da ke biye kar a yi fiye da kwana 7 a jere ba ruwa. Ka duba sharaɗi na ƙarshen nan, yana nufin ko masanin ma ba zai tabbatar maka ruwan farko na gaske ne ba sai ya ga abin da ya biyo bayansa. To ina yayyafin Fabrairu mai milimita 1 ko 2 zai shiga wannan layin? Mai son sanin lokacin shuka gara ya nemi hasashen shekara da hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, wanda yake nuna lokacin da ake sa ran saukar damina da ɗaukewarta yanki-yanki da inda ake tsoron tsaikon ruwa, a 'yan shekarun nan har fassarar Hausa suke yi, a Nijar kuma ga cibiyar AGRHYMET a Yamai da ke fitar da na yankin Sahel gab da damina. Shi ma hasashe ne yana iya kaucewa, amma aƙalla amsar tambayarka yake bayarwa.

Masu noman rani su lissafinsu ma a juye yake, su sanyin suke so ya daɗe. Alkama 'yar sanyi ce, shi ya sa ake so a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba don ta cika ƙwaya kafin gari ya ɗau zafi, wanda ya makara a Kadawa ko kwarin Haɗeja har ya shiga Janairu, wannan tsanin na 34, 36, 37 zai same ta tana tsakiyar ɗaukar ƙwaya, sai ta nuna da wuri ƙwayar ta motse, zangarniya ga ta nan a ido amma buhu ba nauyi. Tumatir in zafi ya yi yawa fure yake zubarwa, ga ban ruwa da ake yi bayan kwana biyar ya koma bayan uku, ga kuɗin man inji. Mai albasa a Aleiro da ya tuge ya baza tana shan iska shi ko ɗigo ba ya son gani don ruɓa take jawowa. Makiyayi ma haka, busasshiyar ciyawa da karan da dabba ke lallaɓawa da su har damina in ruwa ya taɓa su baƙi suke yi su lalace, sabon tsiron da zai fito kuma kwana nawa ne rana ta cinye shi. Masu kajin gidan gona kuwa sun san watan da ƙwai ke raguwa kaji na haki baki buɗe.

Sai sanƙarau, wanda shi lokacinsa kenan daidai. Muna cikin zirin nan da ya taso daga Senegal zuwa Habasha inda cutar ta fi kamari a duniya, kuma tana tashi ne in an daɗe ana shaƙar busasshiyar iska da ƙura har cikin hanci da maƙogwaro ya yi rauni, zafi ya shigo, ga cunkoso a ɗaki ɗaya ba taga. A 1996 sama da mutum 100,000 ta kama a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, a 2017 ma wani nau'inta ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. Ba ta lafawa sai laima ta zauna sosai, yayyafin dare ɗaya ba ya korar ta. A 2024 Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar a haɗe, in an zo yi a unguwarku a kai yara. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da wuya ya ƙi lanƙwasuwa, ko jariri maɗigarsa ta kumbura, wannan ba na jiƙo ba ne ba kuma na bari sai gobe ba, asibiti ake nufa a daren.

Af, jiya da daddare wajen sha ɗaya an ɗan yi shi a unguwarmu. Iska ce ta fara zuwa ta kifar da bokitai ta ɗage wa maƙwabcinmu kwano ɗaya, sannan aka ji ƙwas ƙwas a saman rufi kamar ana watsa tsakuwa, yara suka fito da gudu suna ihu, kafin su gama cire riga ya ɗauke. Ɗakin kuwa daren jiya ba wanda ya nemi mayafi. Da safe na fita na tura yatsa a ƙasan bakin ƙofa, ko gaɓa ɗaya bai jiƙa ba, na goge taɓon da ya ɓata faifan sola, na ɗauki fankar da ta lalace tun Oktoba na kai wa mai gyara, na tarar da mutum huɗu a gabana kowa da tasa a hannu.